Wayar da Ba Ta Hucewa

Takarda ta huɗu a ƙofar mai wankin kai aka tsince ta, an naɗe ta gida huɗu an cusa ƙarƙashin ƙyaure. Layi biyu ne kacal, da jan biro. Sun faɗi sunan ciwon da likita ya gano mata, wanda ko mijinta bai sani ba tukuna. Mijin ne kuma ya buɗe mata shagon ranar, don haka shi ya fara karantawa.

Kafin hantsi maganar ta karaɗe shagunan nan tara da ke ƙasan benen. Mai wankin kai tana kuka tana rantsuwa cewa mutum ɗaya ta faɗa wa a duniya, a bayan labulen gwaji, ana auna mata riga. Haka matar mai gilashi ta ce game da tata takardar, haka sauran biyun. Ko ta ina aka biyo maganar, a shagon Tela take tsayawa, bazawarar nan mai ɗinki da mijinta ya rasu shekara guda da ta wuce.

Uwar Layi, mai sayar da kwanuka wadda ita ke raba gardama a jerin, ta tsaya a bakin shagon ba ta ko shiga ba.

"Shekara takwas mata suna kwance miki cikinsu," ta ce. "Daga nan zuwa Asabar, ko ki kawo mana wanda ya yi, ko ki kwashe kekenki ki bar mana layi."

Tela ta ajiye almakashinta. Da suka watse ta aika a kira mata kawunta.

*

Baba Sawu ake ce masa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a gandun daji yana bin sawun masu farautar sata, har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Mutum ne da ba ya kallon fuska sai ya gama kallon ƙasa, abin da ya sa mutane da yawa ke zaton kunya gare shi. Ba shi da ita ko kaɗan.

Ya sami 'yar ƙanwarsa zaune a gaban keke, zare a allura amma ƙafarta ba ta motsi. Ta rame a kwana goman nan, har abin ya sosa masa rai.

"Ke kika faɗa?" ya tambaye ta.

"Kawu, har da kai?"

"Tambaya ce. Ko giwa na gani tsaye a kan sawunta sai na auna ƙafar."

Ta jawo aljihun keke ta miƙo masa wata takarda. "Su huɗu suka sani. Wannan tawa ce, ba wanda na nuna wa."

Jan biro ne, naɗi huɗu. An rubuta: Kin ce ba kya kewar takunsa a bakin ƙofa. Ya ji.

"In ba kowa a shago nakan yi masa magana," ta ce, idonta a kan zaren. "Marigayi. Ina ɗinki ina ba shi labari, kamar yana zaune a kan bencin nan. Ran Talata na faɗi wannan, ƙofa a rufe, ana ruwan sama. Ni kaɗai ce, Kawu. Ni da shi."

Baba Sawu ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ya kuma ji haushin kansa da ta tashi. Ya kwana a daji inda kura ke kewaya wutarsa bai ji haka ba. Ya dubi bencin. Katako ne kawai, da ƙyalle a kai.

"Matattu ba sa sayen biro," ya ce, ya sa takardar a aljihu.

*

Da mai shara ya fara. Tsohuwa ce mai saurin baki, ita ke share gaban shagunan kafin kowa ya zo.

"Kin ga sawu a ƙofar mai wankin kai?"

"Na ga datti, na share. Aikina ke nan."

"Kin share min shaidata."

"To da ka aiko min da wasiƙa ka ce in bar maka ƙasa," ta ce. "Ni ko sunana ban iya rubutawa ba, in ni kake zargi ka ƙara gaba."

Ya miƙa mata biro ya ce ta riƙe masa ya ɗaure takalmi. Ta kama shi a dunƙule kamar mai riƙe da muciya. Ya karɓi abinsa ya yi mata godiya.

Sai ya koma shagon ya bi bango da tafin hannu. A bayan labulen gwaji, daidai gwiwa, ya sami rami wanda wayar wuta ta bi ta ciki zuwa shagon maƙwabci. Maƙwabcin mai gyaran waya ne, Injiniya suke ce masa, mutum mai tabarau da gemun da ya fara furfura. Labarin ramin bai kai minti goma ba ya zaga jerin, mutane suka fara yi wa Injiniya wani irin kallo.

Baba Sawu ya durƙusa a shagon Injiniya da gwiwarsa mai ciwo, ya manna kunne a ramin, ya ce Tela ta yi magana da ƙarfi a bayan labule. Bai ji komai ba sai gurnanin fanka da ƙarar motoci. Ya sa ta maimaita har sau uku.

"Ka wanke ni?" in ji Injiniya.

"Na wanke ramin," in ji shi. Ya lura mutumin ba ya son haɗa ido da Tela, kuma ya ajiye wannan a ransa.

*

Ran Alhamis ƙanwar marigayi ta zo jaje. Malamar firamare ce, kowa Malama yake ce mata, kullum da ƙatuwar jaka cike da littattafan yara a kafaɗa. Ta gaida Baba Sawu har ƙasa, ta zauna a kan bencin ta rungume jakar.

"Duniya ta lalace, Kawu. Da Yaya yana raye wa ya isa ya tsaya mata a ƙofa?" Ta juya ga Tela. "Da ni ce ke, da na rufe shagon nan na huta. Bakin mutane ba ya gajiya."

"In na rufe na amsa laifin ke nan," in ji Tela.

Malama ta yi ajiyar zuciya ta tashi. Baba Sawu ya bi ta da kallo. Akwai jan tawada a gefen ɗan yatsanta, amma wace malama ce ba ta da shi? Kuma rabonta da shagon ya fi wata biyu, Tela ta tabbatar masa. Wanda ba ya wuri ba ya jin abin da aka faɗa a wurin, haka ya sani tun yana yaro.

Kwana biyu suka rage, ba shi da komai a hannu. Ya ji tsufa ya sauko masa gaba ɗaya. Ya matsa zai zauna a kujerar da ke gefen teburin yanka, wayar Tela tana kai, ya ɗauke ta don kada ya danne.

Da ɗumi.

Ya tsaya da ita a tafin hannu. Fuskarta a kashe, ba ta jikin caji, rana ba ta kai kujerar ba.

"Yaushe kika taɓa ta?"

"Tun safe da na kira ka."

"Ga shi la'asar ta yi, kuma da ɗumi."

"Kullum haka take, Kawu. Sau biyu nake mata caji a rana. Na taɓa yi wa marigayi ƙorafi, ya ce batirin ne, kada in kai ta wajen kowa su lalata min."

A daji, in ya iske ciyawa a kwance, yakan sa bayan hannu ya taɓa. In da sanyi, dabbar ta yi nisa. In da ɗumi, sai ya daina numfashi da ƙarfi, don tana nan kusa tana kallonsa. Ya kai yatsa bakinsa ya yi wa Tela alamar ta yi shiru, ya fita da wayar.

*

Injiniya ya tura wayar cikin wani akwatin ƙarfe ya rufe kafin ya yarda su yi magana.

"Baba, mutane suna zaton in sun ture manhaja da yatsa daga fuskar waya, shi ke nan ta mutu. Ba ta mutu ba, laɓewa ta yi. Wasu suna can baya suna ta aikinsu kana barci."

"Ba mai hana su?"

"Wayar da kanta tana kwantar da su in ta ga ba a amfani da su. Sai dai in mai wayar ya shiga ya ce wance kada a taɓa ta."

"Duk mai cin abinci yana barin alama. Ina ake ganin wanda ya ci batirin?"

Injiniya ya fito da wayar, ya kira Tela ta buɗe ta, ya ce ta koma shagonta. Ya shiga wani shafi inda aka jera sunayen manhajoji, kowace da tsawon zanen abin da ta sha. Ta saman nan hoton abin lissafi ne da ita, zanenta ya kusa cika fuskar wayar.

"Tana lissafi da waya?" ya raɗa.

"Da alli take yi a kan tebur."

Injiniya ya danna. An ba manhajar izini uku: ta ji magana, ta aika, kuma kada a kwantar da ita ko batir zai ƙare. Duk sa'ad da ta ji murya sai ta ɗauka, in aka yi shiru sai ta tura wa wata wayar da aka haɗa su tare. Ya gangara ƙasa inda aka rubuta ranar da aka saka ta, sai hannunsa ya tsaya. Shekara uku da wata biyu.

Ya mayar da wayar cikin akwatin, ya cire tabarau ya goge fuska.

"Faɗi abin da kake ɓoyewa tun shekaranjiya," in ji Baba Sawu.

"Marigayi ya taɓa zuwa nan. Ya zauna inda kake zaune. Ya ce in saka masa irin wannan a wayar matarsa. Na ce ba na yi, ya yi dariya ya ce wasa yake. Ashe wani wurin ya kai." Ya mayar da tabaraunsa. "Da takardun nan suka fara fitowa abin ya faɗo min a rai. Amma mutumin yana ƙasa, Baba. Wa zan ce yana sauraro?"

Baba Sawu ya dubi akwatin ƙarfen. Ya tuna yadda marigayin ke durƙusawa ya gaishe shi, ya tuna 'yar ƙanwarsa tana ɗinki tana hira da benci. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda ba a san wa za a huce a kansa ba.

"In cire?" in ji Injiniya.

"Kada ka taɓa. Ba a share sawu kafin a kai ƙarshensa."

Da ya mayar wa Tela wayar, tambaya ɗaya ya yi mata, a waje, wayar tana ciki: ina wayar marigayi? Ta ce an tattara kayansa an kai gidansu, su biyar ne 'yan uwan, ba ta san wa ya ɗauka ba. Bai gaya mata sauran ba.

*

Ran Asabar da yamma shagon ya cika. Uwar Layi ta samu kujera, matan nan huɗu suka jeru a jikin bango, mai shara ta tsaya a ƙofa da tsintsiyarta, Injiniya yana gefe. An gayyaci Malama a matsayin dangin miji, don a yi komai a gaban nasu.

Baba Sawu ya riga kowa zuwa, ya zauna inda yake hango titi. Ya ga Malama ta tsaya a bakin shagon mai gilashi, ta tura hannu cikin jaka, kafaɗarta ta ɗan motsa sau biyu kamar mai kore ƙuda, sannan ta ƙaraso.

"Kowa ya ɗora wayarsa a kan teburin yanka," ya ce.

Aka yi ta gunaguni, amma aka ɗora. Malama ta ɗora tata, ƙarama mai fasasshen gilashi. Ya ƙirga, kowa da ɗaya.

"'Yata, ɗauki taki ki shiga bayan labule. Ki yi masa magana yadda kika saba."

"A gaban mutane, Kawu?"

"Yau kaɗai. Sauran kowa ya kama bakinsa, ko tari ban yarda ba."

Ta shiga ta ja labulen. Sannan muryarta ta fito, ƙasa-ƙasa, irin muryar da ba a yi wa baƙi magana da ita.

"Ga ni an tara min mutane. Kai ka san ban faɗa ba. Da kana nan da ka gaya musu."

Ta yi shiru. Fanka tana juyawa, ƙyallayen da aka rataye suna ɗan motsi. Mai wankin kai ta kama hannun ta kusa da ita. Baba Sawu yana ƙirga numfashinsa, ya kai ashirin, ya kai talatin, har ya fara zaton sawun ya ɓace masa.

Sai wani tsuntsu ya yi fito a cikin shagon, sau biyu, na biyun ya fi tsawo.

Ba daga kan tebur ya fito ba. Wayoyin suna nan kwance fuskokinsu a kashe. Mai shara ta saki tsintsiya ta yi salati. Labulen ya yaye da ƙarfi, Tela ta fito idonta a waje tana duban bencin, don ta san wannan fiton. Shekara guda rabonta da jin shi.

Kowa ya juya ga jakar da ke kan cinyar Malama.

"Na rufe manhajar!" in ji Malama. "Wallahi na rufe ta a waje, da hannuna na share ta!"

"Turewa kika yi," in ji Injiniya a hankali. "Tana nan."

Baba Sawu ya miƙa hannu. Ta ɗan yi gardama, sannan ta zaro ta daga tsakanin littattafai: baƙar waya mai tsagewa a kusurwa. Ya karɓa. Ita ma da ɗumi.

"Tun ranar da ya rasu ban bari ta mutu ba," Malama ta ce, hawaye na zuba. "In ta mutu sai ta nemi lambar da shi kaɗai ya sani. Da ita nake kwana, da ita nake zuwa aji. Muryarsa nake nema, wallahi. A tsofaffin saƙonnin murya da ke ciki yana shigowa shagon nan yana sallama, yana dariya. Sai sababbi suka yi ta zuwa, ni kuma na yi ta ji." Ta nuna Tela da yatsa mai jan tawada. "Har na ji tana ce masa barcinta ya fi daɗi yanzu. Yayana! A shagon da ya kama mata!"

"To ni me na yi miki?" in ji mai wankin kai. "Ciwona me ya haɗa shi da yayanki?"

Malama ta sunkuyar da kai. Uwar Layi ta fara magana, matan suka ɗauka gaba ɗaya, wasu na cewa a kira hukuma, wasu na ba Tela haƙuri. Baba Sawu bai saurare su ba. 'Yar ƙanwarsa yake kallo, don ya san sawun bai ƙare a kan Malama ba, kuma ya ga ita ma ta fara binsa da kanta.

"Tsofaffin da ke ciki," Tela ta maimaita. Hayaniyar ta lafa. "Yana raye aka ɗauke su?"

Injiniya ya kau da kai.

"Fiton nan," ta ce. "Ina dawowa daga shago, muna zaune, sai ta yi fito. Sai ya tashi ya sa abu a kunne ya fita baranda. Ya ce saƙon wajen aiki ne. Har nakan rage muryar rediyo don kada in dame shi." Ta dubi kawunta. "Ni ce nake zuwa masa, Kawu?"

"Ke ce, 'yata."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu da wata biyu kafin ya rasu."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi kuka ba, shi kuwa da kukan ta yi da ya fi masa sauƙi.

Injiniya ya matso. "Kawo in cire miki, minti ɗaya ne."

"A'a. Nuna min wurin."

Ya tsaya a gefenta yana nuna mata da baki, ita tana dannawa. Ta shiga shafin, ta sami hoton abin lissafin. Ta hana ta ji. Ta hana ta aikawa. Wayar ta tambaye ta ko ta tabbata tana so ta tsayar da ita, ta karanta tambayar har ƙarshe, ta danna. Sannan ta goge ta, ta ce ya nuna mata sauran da ke laɓe a baya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar aikin kowace. Matan da ke jikin bango suka ɗauki nasu wayoyin daga kan tebur suka matso suna leƙe.

Baƙar wayar kuwa, Tela ta karɓe ta daga hannun kawunta ta danne maɓallin gefe. Malama ta yi ƙara ta miƙo hannu, amma wayar ta riga ta mutu, fuskarta ta yi duhu.

*

Ran Litinin da hantsi Baba Sawu ya biyo ta jerin. Shagon a buɗe, riguna uku sababbi a rataye, ɗaya ta mai wankin kai ce. Ba kowa a ciki sai Tela. Ya tsaya a gefen ƙofa inda ba za ta gan shi ba, ya kasa kunne, duk da ya san bai kamata ba.

Keken ɗinki yana tafiya, ya tsaya, almakashi ya yi ƙara, keken ya ci gaba. Ya jira ya ji ko za ta ce wani abu. Ba ta ce ba.

Ya yi sallama ya shiga. An fitar da bencin, an ajiye buhun ƙyallaye a wurinsa. Wayarta tana kan kujera, ya ɗauke ta don ya zauna, sai ya tsinci kansa yana taɓa ta da bayan hannu.

"Da sanyi," ya ce.

"Tun Asabar ban sa mata caji ba," in ji Tela, ba ta ɗago ba. "Zauna, Kawu. Ka yi min hira, shagon ya yi shiru da yawa."